Cirko-cirkon soja da ɓarawon namun daji a ƙagaggun labaran kimiyya

Cirko-cirkon soja da ɓarawon namun daji wani fage ne da kan fito a ƙagaggun labaran kimiyya, a littafi da fim da wasannin kwamfuta. Mutum biyu ne ke cin karo a wurin da aka haramta farauta, kowa da makami, kowa ya saita ɗan'uwansa, kuma babu mai iya harbi ko ja da baya ba tare da ya sa ransa a kasada ba. Ɗaya soja ne ko mai gadi da hukuma ta ɗora wa tsaron wurin. Ɗayan ya shigo a ɓoye don ya kashe ko ya kama wata halitta ya sayar. Dajin kan kasance a wata duniyar, ko a ƙarƙashin teku, ko a wani zamani da ya shuɗe, amma tsayuwar iri ɗaya ce: yatsa a kan kunama, ido cikin ido, ga dabbar a tsakani, ko dai ta mutu ko tana numfashi a cikin tarko.

Tushensa a zahiri

Marubuta ba daga sama suka tsinko wannan fage ba. Rigimar mai gadin daji da mafaraucin ɓoye tsohuwa ce. A Ingila, wata doka ta shekarar 1723 ta tanadi hukuncin kisa ga wanda aka kama da makami a dajin farauta fuskarsa a shafe da baƙi don ɓad da kama. A ƙarni na 20 lamarin ya koma hannun masu kaki. An rattaba hannu kan yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, a 1973, aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, amma kasuwar bayan fage ba ta mutu ba. A 2014 kaɗai an kashe karkanda 1,215 a Afirka ta Kudu. Gandun dajin Virunga na Kongo, wanda aka kafa a 1925, ya rasa masu gadi fiye da 200 a bakin aiki. Namiji na ƙarshe na farar karkandar arewa, mai suna Sudan, ya ƙare rayuwarsa a gandun Ol Pejeta na Kenya ƙarƙashin gadin masu bindiga, har ya mutu a watan Maris na 2018. Hoton dabba guda ɗaya tal, mutane da bindigogi sun kewaye ta don kada jinsinta ya ƙare, ya riga ya yi kama da labarin kimiyya tun kafin wani ya rubuta shi.

Yadda fagen ke tafiya

Abin da ke riƙe da cirko-cirko shi ne kowane ɓangare yana iya halaka ɗayan, kuma ya san haka. Idan sojan ya sauke bindiga, ya zama nama. Idan ɓarawon ya juya baya, harsashi na iya samunsa a gadon baya. Ba wanda ya amince da ɗan'uwansa har ya fara sassautawa, don haka magana ce kaɗai ta rage musu. Nan ne marubuci ke samun damar da bata-kashi ba ya bayarwa: mutum biyu da a kullum ba sa zama inuwa ɗaya, dole ta sa sun saurari juna.

Labarin kimiyya yakan ƙara wa wannan tsayuwa wa'adi. Iskar da ke cikin rigar sama jannatin ɗayansu tana ƙarewa, ko harsashi guda na iya huda bangon jirgi ya kashe su duka, ko uwar dabbar da aka kama tana dosowa ta cikin duhu. Sau da yawa sojan ba shi da wanda zai tambaya, domin saƙo zuwa hedikwata zai ɗauki sa'o'i ko shekaru kafin amsa ta dawo. Umarnin da ke aljihunsa an rubuta shi ne a wani ofis mai nisa, kuma wanda ya rubuta bai taɓa taka wannan ƙasa ba. Marubuci mai lura yakan tsaya a kan ƙananan abubuwa: gumin da ke gangarowa cikin gilashin hular da babu halin sharewa, hannun da ya fara rawa saboda nauyin bindiga, jinin dabba mai wani launi dabam da ya ɓata takalmin ɓarawon.

Tambayar da ke ƙarƙashin bindigogin

A dajin duniyarmu, an san doka, an san wace ce dabba. Labarin kimiyya yana zare waɗannan biyun daga ƙarƙashin ƙafar masu cirko-cirkon, kuma a nan ne ƙarfinsa yake.

Na farko, wa ya shata iyakar? A gajeren littafin Ursula K. Le Guin, The Word for World Is Forest, wanda ya fito a 1972 ya kuma ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya a 1973, mutanen Duniya sun mamaye wata duniyar daji mai suna Athshe suna sare itatuwanta. Tun a farkon labarin, masanin muhalli ya kai wa Kyaftin Davidson, shugaban wani sansanin saran itace, ƙarar cewa masu saran itace suna harbin barewa ba bisa ƙa'ida ba, shi kuwa ya ƙi hana su. Wanda aka ba amanar doka shi ne ya rufe ido, kuma shi ne ke bautar da 'yan asalin wurin. Le Guin ta rubuta labarin ne tana cike da takaicin yaƙin Biyetnam. Bayan irin wannan littafi, da wuya mai karatu ya sake ɗaukar kaki a matsayin shaidar gaskiya. Satar da ɓarawo ke yi da tarko ɗaya, kamfanin da ya ɗauki sojan aiki yana yin ta da jiragen dakon kaya, da takardar izini a hannu.

Fim ɗin James Cameron na 2022, Avatar: The Way of Water, ya kai wannan tunani ƙarshe, inda soja da mafarauci suka hau jirgi ɗaya. Wani mafarauci mai suna Scoresby yana farautar tulkun, manyan halittun teku masu hankali da harshe, don wani ruwa da ake zuƙowa daga kansu mai hana ɗan Adam tsufa, sauran gawar kuma a yar da ita. Kanar Quaritch ya yi amfani da farautar don ya tunzura abokin gabarsa ya fito fili. A takardun kamfani Scoresby ba ɓarawo ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin hoton karkanda a kwance an yanke ƙahonta an bar sauran ga ungulu, ya san inda aka samo wannan siffa.

Na biyu, shin abin da ake farautar dabba ce? Littafin H. Beam Piper na 1962, Little Fuzzy, ya ɗora komai a kan wannan tambaya. Haƙƙin kamfani na mallakar duniyar Zarathustra ya dogara ne a kan cewa babu halitta mai hankali a cikinta. Da wani jami'in kamfanin ya kashe ɗaya daga wasu ƙananan halittu masu gashi da aka gano a duniyar, sai shari'a ta koma tantance ko dabba ya kashe ko kisan kai ya yi, kuma rundunar sararin samaniya ce ta kawo hujjar cewa halittun suna magana da sautin da kunnen mutum ba ya ji. Idan aka ɗauko wannan shakku aka sa shi a tsakiyar cirko-cirko, sojan ba ya sanin ko ɓarawo ya tare ko mai kisan kai, wani lokaci ma shi kansa ɓarawon bai san abin da ya aikata ba.

Wasu fuskokin fagen

A labarin Ray Bradbury na 1952, A Sound of Thunder, farautar da izini ake yin ta: ana biyan kuɗi a koma zamanin dainoso, manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, a harbe dabbar da dama ajalinta ya kusa. Laifin Eckels, ɗaya daga cikin mafarautan, shi ne ya sauka daga turbar da aka shata ya taka malam-buɗe-littafi, tarihi ya sauya. Travis, jagoran tafiyar, ba soja ba ne, amma shi ke riƙe da doka da bindiga, kuma labarin ya ƙare ne a lokacin da ya ɗaga ta. Fim ɗin Predator na 1987 kuwa ya kifar da lissafin baki ɗaya: baƙon halitta ne daga wata duniyar ya zo farauta a dajin Amurka ta Tsakiya, sojoji ne naman dajin, kuma ba ya taɓa wanda ba ya ɗauke da makami.

Inda ake kuskure da inda ake dacewa

Mafi raunin irin wannan fage shi ne wanda aka zana ɓarawon a matsayin mugu tsantsa, mai tabo a fuska da dariyar ƙeta. Idan mai karatu yana ɗokin a harbe shi, zullumi ya ƙare tun kafin a fara. A zahiri, wanda ke shiga daji da dare galibi talaka ne daga ƙauyen da ke gefen gandun, wani lokaci ma kakanninsa aka kora daga wurin lokacin da aka killace shi, abin da yake samu kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ribar dillalan da ke can nesa. Mai gadin ma sau da yawa ɗan yankin ne mai ƙaramin albashi. Labaran da suka fi ratsa zuciya su ne waɗanda suka ɗauko wannan gaskiya zuwa sararin samaniya: ɗan ƙwadagon da kamfanin haƙar ma'adinai ya yasar a wata duniya ba kuɗin komawa gida, da kurtun da ya sa hannu a aikin soja don biyan bashi. Kowa yana kallon ɗan'uwansa yana ganin abin da zai iya zama da ƙaddara ta ɗan karkata.

Warwarewar tsayuwar kan zo ta hanyoyi kaɗan. Wani lokaci haɗari na uku ne ke tilasta musu haɗa kai, wani lokaci sojan ya sauke bindiga ya karya umarni, ya koma sansani ya rubuta rahoton ƙarya. Akwai kuma inda ake harbin, sai a bar wanda ya rayu da gawa biyu, ta mutum da ta dabba, da doguwar tafiya zuwa jirgi. A wasannin kwamfuta ana miƙa zaɓin ga mai wasa ne, ya harba, ya kama, ko ya karɓi cin hanci ya kau da kai, sannan sakamakon ya biyo shi a babi na gaba.