Waiwaye: Tarihin Kolbak a Rubutun Manhaja

Kolbak shi ne ka miƙa wa wani fankishin (wato guntun manhaja mai yin wani aiki guda) naka fankishin ɗin, ka ce in lokaci ya yi ya kira shi. Kamar ka bar wa tela lambar wayarka ne ka tafi harkarka, in ɗinki ya kammala ya neme ka.

Dabarar ta girmi intanet. Yaren Lisp da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958 ya yarda a miƙa fankishin kamar yadda ake miƙa lamba. A yaren C kuwa, misalin da ɗalibai ke fara cin karo da shi shi ne fankishin qsort. Ya iya jera abubuwa, amma bai san ko sunaye ka ba shi ko farashin kaya ba. Kai za ka rubuta masa ɗan fankishin da zai ɗauki abu biyu ya mayar da lamba: ƙasa da sifiri in na farko ne zai gabata, sifiri in daidai suke, sama da sifiri in na biyu ne. Sai ya yi ta kiransa har jeri ya kammala. A ganina babu inda kolbak ya fi kyau kamar nan.

Lamarin ya sauya da JavaScript, yaren shafukan intanet, wanda Brendan Eich ya rubuta wa kamfanin Netscape a 1995. Aiki ɗaya yake yi a lokaci guda, in ya tsaya jiran amsa daga saba, wato kwamfutar da ke aiko wa shafi bayanai, sai shafin ya daskare. Dole duk wani jira ya koma kolbak. Da Ryan Dahl ya fitar da Node.js, manhajar da ke gudanar da JavaScript a kan saba, a 2009, karanta fayil da tambayar rumbun bayanai duk suka bi hanyar, kuma aka saba sa kuskure a gurbin farko na kowane kolbak.

Daga nan wahala ta kunno kai. Ka karanta fayil, a cikin kolbak ɗinsa ka tambayi rumbu, a cikin wancan kuma ka aika saƙo. Layuka su yi ta zamewa dama, a ƙasa ga jerin alamomin baka ana rufewa. Ka manta duba kuskure a hawa ɗaya, manhaja ta yi shiru ba ka san inda ta maƙale ba. Har jahannamar kolbak aka riƙa ce wa abin.

A 2015 JavaScript ya karɓi Promise, wato alƙawarin sakamako mai zuwa, a 2017 kuma async da await, kalmomin da ke bari a jira sakamako ba tare da rubuta kolbak ba, waɗanda yaren C# ya riga shi samu tun 2012. Rubutu ya miƙe, ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Kolbak dai bai tafi ba. Abin da kake ba fankishin then na Promise kolbak ne, haka ma fankishin da kake ba addEventListener don ya jira a danna maɓalli.