Waiwaye: shuɗin Neftun da gardamar hotunan sararin samaniya

Tun da hotunan madubin hangen nesa na James Webb suka fara fitowa a Yulin 2022, gardama ba ta mutu ba a fadarmu ta Bukoki, nan Yamai. Da an miƙa salula ana kallon gajimaren taurari mai ruwan zinariya, sai mai dafa mana shayi ya ce, "Yaya, montaj ne wannan, fenti suka shafa." Kuma yana da abin kamawa. Webb hasken infraruj take ɗauka, wanda idon ɗan Adam ba ya gani, sai a ba hasken mai dogon zango launin ja, mai gajeren zango shuɗi.

Sai dai maganar ta girmi Webb nesa ba kusa ba. Tun 1861 James Clerk Maxwell ya nuna hoto mai launi ta hanyar haɗa hotuna uku da aka ɗauka ta gilashin ja, kore da shuɗi, dabarar da kyamarar salula ke bi har yau. Na'urar hangen nesa ta Hubble ma, da aka harba a 1990, hotuna baƙi da fari take aikowa. A shahararren hotonta na ginshiƙan ƙura na 1995, kore aka ba sinadarin haidurojin, alhali haskensa ja ne, don a rarrabe shi da na farar wuta, wanda shi ma ja ne.

Inda ni nake ganin amana ta fara tsagewa shi ne Agustan 1989, lokacin da kumbon Voyager 2 ya wuce ta gefen duniyar Neftun. Masana na son gizagizanta da wani babban tabo mai duhu su fito fili, sai suka ƙara wa hotunan kaifi, shuɗin ya yi zurfi kamar rinin baba. Ba su ɓoye ba, sun rubuta a ƙasan hoton cewa an ƙara launi. To, hoto ya fi rubutu saurin tafiya. Daga jarida zuwa littafin makaranta, daga nan zuwa intanet, bayanin ya zube a hanya, shuɗin ya zauna. Fiye da shekara 30 yara suna haddace cewa duniyar Uranus, wadda kumbon ya ziyarta a 1986, fara-fara ce mai ɗan kore, Neftun kuwa shuɗiya shar. Sai a Janairun 2024 Patrick Irwin da abokan aikinsa na jami'ar Oksfod a Ingila suka sake auna launukan, suka nuna duniyoyin biyu kusan kamarsu ɗaya, Neftun ta ɗan ɗara shuɗi kaɗan.

Wannan ne ke ci mini rai. Hasken na gaske ne, na'ura ta kama shi, an ƙidaya shi, kamar hoton radiyo na asibiti da ba wanda ke cewa karayar da ya nuna zane ce. Amma jiya ma an turo mana hoton Webb a WhatsApp, an yanke layin da ke faɗin wane haske aka ba wane launi, an sa "Allahu Akbar" a gurbinsa. Na duba, mutum tara a fadar sun riga sun tura shi gaba.