Jataka: tatsuniyoyin dabbobi a addinin Budda

Jataka suna ne na wasu labarai da mabiya addinin Budda suke ɗauka a matsayin tarihin rayuwar da Budda ya yi a baya, kafin a haife shi a matsayin Siddhartha Gautama. Kalmar kanta tana nufin abin da ya shafi haihuwa. A aƙidarsu rai yana ta dawowa duniya ne, to shi ya sa za ka ga Budda a wani labarin ya zo a sarki, a wani kuma ya zo a biri ko barewa ko zomo.

Tarin da aka fi sani yana cikin harshen Pali, labarai 547 ne, mabiya Theravada, wani reshe na addinin Budda, na Siri Lanka da Tailan da Bama suna ji da shi sosai. Baitocin waƙen ne ake ƙirgawa cikin nassi, bayanin zube kuma sharhi ne da aka tsara daga baya, wajen ƙarni na 5. Labaran dai sun girmi wannan sharhin nesa ba kusa ba, don an sassaƙa wasunsu a jikin duwatsun Bharhut a Indiya tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai su kuma a zanen kogunan Ajanta da haikalin Borobudur na Indunusiya.

Tsarinsu kusan ɗaya ne: wani abu zai faru tsakanin almajirai, sai Budda ya ce ai an taɓa yin haka, ya kawo labarin da, a ƙarshe ya ce, misali, wane shi ne kada a wancan labarin, ni ne birin.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi fita shi ne na zomo. Abokansa biri da dila da karen ruwa kowa ya samo abin da zai ba baƙo sadaka, shi kuwa ciyawa kawai gare shi, da Sakka sarkin alloli ya zo da siffar mabaraci yana neman abinci sai zomon ya ce a hura wuta, ya yi tsalle ya faɗa ciki don a ci namansa. Wutar ba ta ƙone shi ba, Sakka kuma ya zana hotonsa a fuskar wata. Haka na sarkin barewa da ya miƙa wuyansa a madadin wata barewa mai ciki, har sarkin birnin Banaras da ke farautarsu ya ji kunya ya hana farauta. Kyauta da tausayin mai rai su ne darasin da ake ta nanatawa, kuma nan ne suka sha bamban da irin wayon Gizo na cutar na kusa.

Amma fa akwai wayo shi ma. Kada ya goya biri zuwa tsakiyar kogi don matarsa tana kwaɗayin zuciyar biri, birin ya ce ai ya baro ta rataye a kan ɓaure, wawan ya mai da shi gaɓa. Sai kunkuru mai surutu da tsuntsaye biyu suka ɗauka da kara a baki, ya buɗe baki zai yi magana ya faɗo ya tarwatse. Wanda ya karanta littafin tatsuniyoyin Kalila wa Dimna zai gane wannan, don shi ma tushensa Indiya ne, Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na 8.