Waiwaye: Turmutsutsin ranar rangwame da alhakin masu kantuna

Tun a shekarun 1960 'yan sandan birnin Filadelfiya na Amurka suke kiran Juma'ar da ke biye da bikin Thanksgiving, wato bikin godiya da Amurkawa ke yi duk shekara a watan Nuwamba, da sunan Black Friday, saboda cunkoson mutane da motoci. Daga baya manyan kantuna suka mayar da ita ranar garaɓasa, inda ake karya farashin wasu 'yan kayayyaki ƙalilan, a buɗe ƙofa da asuba, wanda ya riga shiga shi ke da rabo. An daɗe ana ɗora laifin turereniyar da ke biyo baya a kan haɗamar masu sayayya, alhali kanti ne ya tara jama'ar, shi ya sa lokaci, shi kuma ya taƙaita kayan.

Abin da ya faru ranar 28 ga Nuwamba, 2008 ne ya girgiza wannan tunani. Mutane kusan 2,000 suka yi dafifi a ƙofar kantin Walmart da ke Valley Stream a jihar New York, kuma dab da ƙarfe 5 na asuba suka ɓalle ƙofofin gilashi suka kutsa, suka tattake wani ma'aikacin wucin gadi mai shekara 34 har rai ya yi halinsa. Cikin waɗanda suka jikkata har da mace mai juna biyu. A watan Mayun 2009 kamfanin ya sasanta da ofishin mai gabatar da ƙara na gundumar Nassau, ya amince zai biya kusan dala miliyan 2 tare da tsara yadda zai riƙa kula da taro a kantunansa 92 na jihar, ba tare da an gurfanar da shi ba.

A wannan watan ne hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ci kamfanin tarar dala 7,000. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma abin takaici ne a ce iyakar abin da doka ta yarda a ci ke nan a lokacin, amma hujjar da aka kafa ta fi kuɗin nauyi: hukumar ta dogara da dokar 1970 wadda ta wajabta wa mai aiki kawar da duk wani sanannen haɗari daga wurin aiki, ta ce cunkoson ranar rangwame haɗari ne da ake iya hangowa. Ta kuma fitar da shawarwari ga masu kantuna, kamar kafa shinge nesa da ƙofa, raba tikitin shiga, horar da ma'aikata da barin hanyoyin fita a buɗe, sai dai shawarwari ne kawai, kuma ma'aikata hurumin hukumar ya shafa, mai sayayya da ya ji rauni sai ya nufi kotu da kansa.

Walmart ya ƙi biyan tarar, ya kashe miliyoyin daloli wajen lauyoyi yana cewa babu wata ƙa'ida a rubuce da ya karya. Alƙaliya Covette Rooney ta tabbatar da hukuncin a Maris na 2011, kamfanin ya ɗaukaka ƙara, bai janye ba sai a Maris na 2015, fiye da shekara shida bayan rasuwar ma'aikacin.