A Raba Shara Tun Daga Tsakar Gida

Da zarar hunturu ya kama, bishiyoyi suka fara zubar da ganye, sai hayaƙi ya mamaye unguwannin Kaduna. Ka bi ta Tudun Wada ko Rigasa ko Badarawa bayan la'asar, kusan kowane lungu da tulin sharar da aka cinna wa wuta. Da damina kuma ba ta cin wuta, sai a jira hadari ya haɗo, ruwa ya kece, a tura yaro da bokiti ya juye ta a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. A aikina na duba-gari na lura duk abin daga wuri guda yake farawa. Komai a mazubi ɗaya muke haɗa shi: ganye, sauran tuwo, ledar ruwa, gwangwani, kunzugun jariri, fasasshen kofi. Da an cakuɗa su sun zama ƙazantar da ba mai so, alhali in da an ware su, mafi yawansu suna da mai nema.

Zan fi tsayawa a kan ganye, don shi ne ya fi ba ni takaici. Gidan da ke da mangwaro ko dalbejiya ko malaina, daga watan Disamba zuwa Fabrairu kullum sai an share tuli guda. Wannan ganyen taki ne. Manoman lambu da ke bakin Kogin Kaduna, masu alayyafo da latas da kabeji, kuka suke da tsadar buhun takin zamani, mu kuma muna cikin gari muna ƙona abin da ƙasarsu ke buƙata. Kuma ba ganyen kaɗai ke ci ba, a cikin tulin akwai leda da tsohon silifa da guntun roba. Hayaƙinsu shi ke tayar wa mai asma ciwonsa, ya sa jarirai tari, ya hana tsofaffi barci. Ga iskar hunturu da ba ta da tabbas, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama rumfa ko tarin itacen maƙwabci.

Yin takin ba wani abu ne mai wuya ba. A samu kusurwa mai inuwa a bayan gida, nesa da rijiya, a haƙa rami zurfin gwiwa, faɗinsa kamar taku biyu. Inda ƙasa ke riƙe ruwa da damina, gara a tara shi a sama a kewaye da tsofaffin bulo. A fara shimfiɗa kara ko ƙananan rassa don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Sai busasshen ganye mai kauri, a bi shi da ɗanyen abu, wato ɓawon ayaba da na lemo, ruɓaɓɓen tumatir, tsinken alayyafo, ciyawar da aka cire. A watsa kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa 'yar toka da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake hawa. Busasshe ya ninka ɗanye kamar sau biyu. Ruwan kada ya yi yawa: idan ka damƙi takin a hannu ka ji laima amma bai ɗiga ba, ya yi daidai. A rufe da tsohon buhu ko tabarma.

Bayan 'yan kwanaki a soka sanda a tsakiya, a bar ta jim kaɗan a zaro. In ta fito da zafi, aiki na tafiya. Ƙananan halittun da ke cin ganyen ne ke kawo wannan zafi, yana iya kaiwa digiri 60, kuma shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. In sandar ta fito da sanyi a bushe, a ƙara ruwa da kashin dabbobi. In tulin yana wari, ya jiƙe da yawa, a ƙara busasshen ganye a juya. Duk mako biyu a juya shi da shebur, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Wanda ya fara a Disamba zai samu takinsa kafin ruwa ya sauka.

Nama, ƙashi, kifi da miya mai mai ba sa shiga ramin. Su ke kiran ɓera, ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tashi a daidai waɗannan watanni na rani. Kashin mutum da kunzugu ma ba sa shiga ramin. Ɓawon doya da na dankali kuwa ba sai na faɗa ba, akuya ta riga rami.

Akwai wata dattijuwa a wani gidan haya da na yi wa wannan bayani, ta ce, "Malam, ka ga tsakar gidan nan siminti ne, mu ɗaki goma sha, ina zan haƙa rami?" Gaskiyarta. Na ce, "Inna, tsohon duro ko babban bokitin fenti ma ya isa, a huda ƙasansa da gefensa." Wanda ba shi da ko wannan, ya ɗura busasshen ganyen zalla a buhu, ba leda ba kwalba, ya nemi mai lambu ko mai rainon dashe a bakin titi. Abin da ke sa manomi ƙin sharar gari shi ne ledar da ke cikinta, wadda za ta shekara da shekaru a gonarsa tana hana saiwa tafiya, da gilashin da zai yanke masa ƙafa.

Bayan abin da ke zama taki, kashi na biyu shi ne abin sayarwa. Mu a Kaduna ba mu da uzuri a nan, don muna da kasuwar Panteka, inda ake narka gwangwanin alminiyum da tsofaffin tukwane a zuba sababbi, ake mayar da guntun ƙarfe murhu da kasko. 'Yan jari bola suna zagawa da kura har ƙofar gida, suna sayen ƙarfe da fasasshen bokiti da kujerar roba, wasu da kwali da gorar ruwa. Uwargida ta rataye buhu ɗaya a jikin bango, duk abin da ya faɗo cikin wannan kashi a ɗauraye shi a jefa. Kuɗin ba su da yawa, amma sun sayi sabulu, kuma kaya mai tsabta a bushe ya fi wanda aka tono daga bola daraja. A yi cinikin a ƙofar gida, babba ya tsaya a kai. Kada a saba wa yara da sayar da ƙarfe da kansu, daga nan ne ake fara neman murfin tukunya a rasa, daga nan kuma yaro ke fara bin bola yana tono da hannu cikin allurai da reza.

Masu zoɓo da kunun aya, gorar da za ku zuba abin sha a san daga ina ta fito, a wanke ta da sabulu da ruwa mai kyau. Jarka ko kwalbar maganin feshi kuwa, ko sau nawa aka wanke ta, ba ta komawa mazubin mai ko ruwa. A huda ta kafin a yar. Tsohon batirin mota ko na sola kada a fasa shi a gida, a mayar da shi ga masu saye yana rufe. Dalmar da ke cikinsa ita ce gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Can ta hanyar niƙan dutsen zinari ta shiga gidaje, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara taɓawa.

Sai leda, wadda ita ce babbar matsalarmu. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwo a cikin gari. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe leda ce ta dunƙule ta cika cikin. Wadda dabba ba ta ci ba, kwata take tafiya. Ambaliya irin ta 2003, da kogi ya cika ya tumbatsa, ba za a ɗora wa leda ba. Amma ruwan da ke shiga ɗakuna a watan Agusta a unguwar da ko kusa da kogi ba ta, ku je ku duba bakin kwalbati, za ku tarar da ledar ruwa da gora sun toshe shi. Bayan ruwa ya janye kuma sai ya bar kududdufai, sauro kuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo. Idan ruwan kwata ya haɗu da na masai ya gangara rijiya, sai amai da gudawa. A tara ledar ruwa a buhu a bushe, akwai masu sayenta a kan kilo. A je kasuwa da jaka ko kwando, don a rage baƙar ledar da ke shigowa gida.

Idan aka cire ganye da ɓawo, aka cire na sayarwa, abin da ya rage ɗan kaɗan ne: kunzugu, ƙyallen mata, tsumma, fasasshen gilashi. Shi za a ɗaure a kai wurin da aka keɓe don motar kwashe shara. Gilashi da reza da allura a zuba su a gwangwani ko gora a toshe baki, saboda hannun mai kwashewa. Wanda ke biyan mai baro ya tambaye shi inda yake kaiwa, don wasu da sun sha kwana suke juyewa a rafi. Unguwar da ba ta da wurin zubarwa, ko motar ta daɗe ba ta zo ba, masu gidaje su haɗu da mai unguwa su kai maganar sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, wato KEPA, a rubuce, da sunan layi da daidai inda sharar ta taru.