Wane yadi zan saya in ɗinka kayan da jiki zai sake a ciki?

Ni dai kaya marasa zafi nake so, wane yadi ya fi?

Auduga, wato kwatin, nan za ki fara. Zaren auduga yana shan zufa kuma iska na ratsa shi, shi ya sa ko kin yini da rigar a jiki ba za ki ji kamar an naɗe ki ba. Lilin ma haka, har ya fi kwatin saurin bushewa, matsalarsa ɗaya yamutsewa, kina zama kina tashi ya yi layi-layi, in ba kya son guga to ki haƙura da shi. Akwai kuma biskos da wasu ke ce wa rayon, daga itace ake sarrafa shi, ga laushi ga sanyi ga zubowa a jiki, amma in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake, ba ya son murza da ƙarfi wajen wanki.

To poliyesta fa, naga ya fi kyau a ido?

Kyau kam akwai, baya yamutsewa, kalarsa bata saurin koɗewa. Amma daga man fetur ake yin zarensa, kusan baya shan ruwa sam, zufar sai ta tsaya tsakanin fata da rigar, ga riƙe wari ko an wanke. Kayan barci, kayan zaman gida da na jarirai gaskiya ban yarda a yi su da zallarsa ba. In gauraye ne, ki duba wanda audugar ta rinjaya, kamar kashi 60 ko sama.

Mai shago yace kwatin ne zalla, ya zan gane?

Kar ki tsaya a magana. Ki damƙe gefen yadin a tafin hannu na ɗan lokaci ki saki, kwatin zai nuna alamar damƙa, mai leda kuwa sai ya koma sumul kamar ba a taɓa shi ba. In kin samu ɗan ƙyalle, ki kai shi inda ba abin da zai kama wuta ki kunna masa ashana: auduga tana ci kamar takarda, warinta ma na takarda, tokar tana murjewa a yatsa. Poliyesta narkewa yake ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Siliki na gaske da ulu warin ƙonannen gashi suke. Sannan kar taurin sabon yadi ya ruɗe ki, sau da yawa sitaci ne, wanki ɗaya sai kiga ainihinsa.

Kauri fa?

Ki ɗaga shi sama wajen haske ki sa hannu a baya, in kina ganin yatsunki sai an masa shafi, kuma shafin ma ya zama kwatin, in ba haka ba kin dawo da zafin da kika gudu. In an rubuta nauyinsa, giram 100 zuwa 150 a murabba'in mita ya yi wa riga, wando da siket suna son 200 zuwa sama.

Dole ne sai na wanke kafin in yanka?

Dole ne wallahi, nan ake yawan asara. Kwatin yana shiga da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, biskos ma har ya kan fi haka, to in kin ɗinka daidai jiki sai kiga hannu ya ɗage, ƙirji ya matse. Ki wanke shi yadda za ki dinga wanke rigar, ki shanya, ki goge, sannan almakashi. A nan ne ma za ki gane ko yana zuba.

Ina koyo ne, da wanne zan fara?

Kwatin saƙaƙƙe mara santsi mara miƙewa, yana zama inda aka ajiye shi a keke. Satin da shifon ki bari sai hannu ya faɗa. Mai miƙewa irin na singileti daɗin sawa gare shi sosai, amma yana son allura mai dakusasshen baki da ɗinkin zigzag, in kika masa miƙaƙƙen ɗinki zaren tsinkewa zai yi ranar da aka fara sawa. Ki tambayi faɗin yadin ma kafin a yanka miki, inci 45 ne ko 60, don mai 45 sai kin ƙara tsawo.