Waiwaye: Inda manyan jiya suke kwance

Da aka binne Muhammadu Buhari a cikin gidansa na Daura ranar 15 ga Yuli, 2025, kwana biyu bayan rasuwarsa a Landan, wata tsohuwar magana ta sake tasowa: shin shugaba na iyalinsa ne ko na ƙasa, kuma wa ke da ikon cewa ga inda za a kwantar da shi? A Arewa ba a taɓa zama an tsara wannan ba. Yadda mutum ya cika, da hanzarin da addini ya ɗora wa jana'iza, su ne suka riƙa yanke hukunci tun daga 1966.

A fara da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. An haife shi a Raba a 1910, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, wanda hubbarensa yake Wurno. Duk wanda ya san yadda Sardauna yake ji da wannan salsala zai ɗauka cewa ƙasar Sakkwato ce za ta karɓi gawarsa. Allah bai nufa ba. Da tsakar daren Asabar 15 ga Janairu, 1966, ana cikin azumi, sojojin da Manjo Chukwuma Nzeogwu ya jagoranta suka afka wa gidan Firimiya a Kaduna, suka harbe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Gari ya waye babu gwamnati, ba wanda ya san mai ba da oda, balle a yi zancen ɗaukar gawa zuwa Sakkwato. Sai aka yi musu sutura a nan Kaduna, aka binne su a harabar gidan Sarkin Musulmi da ke Unguwar Sarki. Mutumin da ya riƙe Jihar Arewa tun daga 1954, ya kafa jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya a 1962, yau yana kwance a bayan katanga, kuma dubban masu wucewa ta unguwar da takardar naira 200 mai hotonsa a aljihu ba su san yana nan ba. Baƙi sun fi zuwa gidan da aka kashe shi, wanda aka mayar cibiyar tarihi ta Arewa House.

Na abokin tafiyarsa, Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya sha bamban. A daren nan aka ɗauke shi daga gidansa a Legas, 'yan kwanaki bayan ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe rainon Ingila a taron da aka yi kan rikicin Rodeshiya. Sai bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai ta Bauchi. Shekara goma sha ɗaya kabarin yana nan kamar na kowa, kafin gwamnatin soja ta soma gini a kansa a 1977, aka buɗe a 1979.

Ginin ya cancanci a tsaya a kansa, domin babu irinsa a Arewa. Mai ziyara yakan shiga ta wani lungu mai duhu, yana hawa sannu a hankali, haske na ƙaruwa, har ya ɓulla wani fili da dogayen bangaye suka kewaye. Duhun nan, a fassarar masu kula da wurin, zamanin Turawa ne, hasken kuma 'yancin 1960. An yi wa bangayen ado launi-launi, alamar ƙabilun ƙasar. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne babu rufi. Kabarin yana tsakiya, rana na dukansa, damina na jiƙa shi. Ana cewa hakan na nuni da sauƙin kan marigayin, tsohon malamin makaranta da bai tara abin duniya ba. Ni kuwa ina ganin har da wata dabara a ciki: an girmama shugaba ba tare da an ɗora ƙubba a kan kabari ba, a daidai lokacin da muhawara kan gini a kan kaburbura ke ƙara zafi. Kada a manta a 1978, ana tsakiyar aikin, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos.

Malam Aminu Kano shi kaɗai ne a cikin ukun ya cika a kan shimfiɗarsa. Ranar 17 ga Afrilu, 1983 ne, saura 'yan watanni a yi zaɓen da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP. Tun kafa NEPU a 1950 yake faɗa da haraji da jangali da zaluncin masu sarauta, magoya bayansa suna shan ɗauri da bulala a kotunan En'e. An binne shi a cikin gidansa na Gwammaja, unguwar talakawan da ya yi wa magana. Gidan nasa, wato Gidan Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma duk shekara ana taron tunawa da shi. Abin dariya, abin takaici: a irin wannan taro za ka ga 'yan siyasar da Malam zai yi wa wankin babban bargo da yana raye sun cika sahun gaba, kowa na rantsuwa shi ne magajinsa.

Na baya-bayan nan ba su da dogon labari, kowa gida aka mayar da shi. Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba, 2018, aka kai shi garin Shagari. Abubakar Rimi, gwamnan Kano na farko na farar hula, Sumaila aka kai shi a Afrilun 2010.

Gidan 'Yar'aduwa ne suka bi wata hanya dabam. Shehu Musa ya rasu a tsare a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, zamanin Abacha. Ƙanensa Umaru ya cika yana kan kujerar shugaban ƙasa ranar 5 ga Mayu, 2010. Washegari aka sauke gawarsa a Katsina, aka sallace shi, aka wuce da shi Ɗan Marna, maƙabartar da ake kai mai unguwa da ɗan dako, inda wansa ya riga shi kwanciya da shekara goma sha biyu da 'yan watanni.